Tulun Farar Tarwaɗa

Litinin, 3 ga Maris 1952, da hantsi

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da aka karɓe mini makullin biro, wato ofishin gwamnati, aka miƙa wa Ɗanmalam. Ni na koya masa riƙon alƙalami. Ni na koya masa yadda ake tsayuwa gaban kumandan, Baturen da ke mulkin garin. Har gobe ba wanda ya gaya mini laifina. An ce dai sabon kumandan yana son tafinta matashi, shi ke nan. Ni Issa, da na yi lakwal, makarantar Turawa, a Yamai, da na fi rabin Turawan Dogon Dutsi iya rubuta harshensu, na koma gindin tsamiya ina rubuta wa 'yan kasuwa wasiƙa.

Na daina rubutu da Faransanci, bai tsinana mini komai ba. Wannan da Hausa zan yi shi.

Ba ma wannan na zauna rubutawa ba. Jiya gardi, dogarin kumandan, ya zo ƙofar gida. Sunan Sama'ila ya fito cikin samarin da za a ɗauka soja. Ran Litinin 24 ga wata za a yi bizit, wato duban lafiyar da likita ke yi musu kafin a zuba su a mota. Wanda likita ya ce lafiyarsa lau, ya tafi. Ana ta cewa wannan karon ba a Yamai za su tsaya ba, teku za a ƙetare da su zuwa wata ƙasa wai ita Andoshin.

'Ya'ya biyar Lantana ta haifa mini. Shi kaɗai ya tsaya.

Talata, 4 ga Maris, bayan la'asar

Likita ya aiko kirana, Baturen nan da mutanen gari ke kira Mai Lofe. Na buɗe akwati na ciro farar rigata ta aiki, besti kamar yadda muke ce mata a biro, mai maɓallan tagulla. Ta ɗan matse ni a ciki, amma ta shiga.

A ɗakin zamansa akwai wani akwati na gilashi, tsawonsa kamar gadon yaro, cike da ruwa, an zuba yashi da duwatsu a ƙasa. Kifaye ne ke yawo ciki. Ba na ci ba ne, na kallo ne. A garin da mata ke faɗa a bakin rijiya kan guga ɗaya, kifin Mai Lofe na da mai ɗebo masa ruwa.

Ya ce ya ji labarin wani tafki a kudu, wajen Dumega, mai tarwaɗa fara sol, idanunta jajaye. Ya aika gardi har sau biyu, mutanen wurin suka ce ba su taɓa jin labarin ba. Sai wani ya gaya masa uwata 'yar can ce.

Ya cire lofen daga baki ya ce, "Ka kawo mini ita da rai kafin bizit. An ce ɗanka yana tari. Kunnena yakan ji tari sosai in raina na cikin daɗi."

Da ya rako ni bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Kada ka cika tulun, rabi ya isa. Kuma kada ka rufe bakin."

Na ce to. A raina dariya nake. Ni za a koya wa ɗaukar tarwaɗa? Muna yara daga cikin taɓo muke tono ta, ta kwana a busasshiyar ƙwarya, da safe tana motsi. Abin da bai mutu a ƙwarya ba ruwa ba, mene ne zai kashe shi a tulu?

Ya ba ni kujera. Tun da na bar biro ba Baturen da ya ba ni kujera. Na ji daɗi, kuma ina jin haushin kaina da na ji daɗin.

Laraba, 5 ga Maris, da safe

Na gaya wa Lantana. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Kifin Doguwa? Malam, kanka ɗaya kuwa?"

Doguwa ita ce aljanar da suke cewa tafkin nata ne. Na ce kifi kifi ne. Ta ce, "To, ka tahi ka hwaɗa ma Ma'u haka." Ma'u 'yar kawuna ce a Dumega, mai yi wa Doguwa hidima. Ta zuba wa Auta tuwo ya fi na kullum. Haka take kiran Sama'ila, Auta, ko da yake ya fi ni tsawo.

Juma'a, 7 ga Maris, bayan masallaci

Na ce bari in gwada hanya mai sauƙi tukuna. Na shiga kasuwa wajen masu kifin banda da ke zuwa daga Kabi. Na tambayi wani dattijo ko ya taɓa ganin farar tarwaɗa.

Ya ce, "Kullum ma, Mushe. Saya ka dafa ka ɓare, ka ga fari."

Duk rumfar ta kwashe da dariya. Wani ya ce in ina sauri zai shafa mata toka. Da can, lokacin ina biro, tashi suke yi in na wuce, Mushen nan ma, wato Malam da Faransanci, da girmamawa suke faɗarsa.

Ba makawa sai Dumega.

Lahadi, 9 ga Maris, da azahar, a hanya

Mai gari ya yarda in tafi da Sama'ila, ni ne jinginarsa. Mun ari jaki. Na naɗe bestin a cikin jaka, don ita zan sa ranar da zan miƙa kifin.

Litinin, da almuru

Ƙafafuna. Na tsufa ban sani ba.

Laraba, 12 ga Maris, da la'asar, Dumega

Mun sauka gidan Inusa, ɗan kawuna, wanda kula da tafkin ke hannunsa tun rasuwar ubansa. Taubashina ne, don haka tun daga nesa ya fara.

"Wa nike gani awa Mushe Issa? An sake korar ka ne, ko hanya ta ɓace maka?"

Na ce, "Azne, har yanzu ba ka mutu ba?"

Ya ce, "Kai nike jira ka yi gaba, in samu mai yi mini tafinta wurin Walakiri."

Ya yanka mana zabo. Ya riƙe Sama'ila ta kafaɗa yana juya shi yana cewa wannan dai ba ni ya ɗauko ba, Allah ya taimake shi. Sai da muka ci muka wanke hannu na faɗi abin da ya kawo ni. Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana sakace.

Ya ce, "Kai ma ka sani. Fararen nan shanun Doguwa ne. Baƙaƙen namu ne, mu ci mu sayar. Fararen ba a taɓa su."

Na gaya masa zancen bizit. Ya dubi Sama'ila, ya dubi ƙasa.

Ya ce, "Ni ba ni da ta cewa. Sai an tambaye ta. Ma'u ke tambaya."

Ma'u yayarsa ce, ita ce Doguwar tafkin ke hawa in an yi bori. Rabona da ita tun jana'izar uwata.

Alhamis, 13 ga Maris, da hantsi

Na ga tafkin. Ya fi yadda nake tuna shi ƙanƙanta, amma Inusa ya ce bai taɓa ƙafewa ba, ko a shekarar yunwa. Ruwan kore ne, ba a ganin komai. Na tsaya har rana ta yi zafi. Ban ga fari ba, ban ga baƙi ba. Wa ma ya ce akwai su? Ni kaina ban taɓa gani ba, labari ne na ji a bakin uwata. In babu fa?

Juma'a, 14 ga Maris, da la'asar

Ma'u ta kira ni ɗakinta. Ta tsufa ƙwarai, amma idon nan na nan. Na ajiye mata farin ƙyalle da farar kaza da na saya a Tibiri. Na ciro kuɗi, ta ɗaga hannu.

"Mai da abinka, ƙanena. Nan ba kasuwa ba ce."

Na ce ai saye na zo yi.

Ta ce, "Ba a saye. Musanya a kan yi. Ta yarda, don jinin gidan nan ne yaron. Amma kaza ba ta kai saniya ba. Fari take so wanda ranka ke ciki."

Na ce ba ni da wani fari.

Ta nuna jakata da haɓa. "Waccan da ka shanya jiya bayan rumbu, kana kaɗe mata ƙura awa jaririya fa?"

Na ce wannan rigar aiki ce. Ta ce, "Wane aiki?"

Na ciro rigar na miƙa mata.

Asabar, 15 ga Maris, da safe

Sun rataye ta a kan gawon da ke bakin tafki. Hannayenta na lilo. Maɓallan na walƙiya, ana hango su tun daga ƙofar gari. Inusa ya tsaya gabanta ya ƙame ya sara mata, ya ce, "Sannu da aiki, Mushe." Yara suka fashe da dariya. Ni ma na yi, ban san dalili ba.

Ya kafa gura, kwandon nan na kama kifi, a gindin gawon. Ya ce ba a jefa wa fararen taru. Wadda aka ba ka ita za ta shigo da kanta.

Lahadi, da azahar

Baƙaƙe uku. Ya mayar da su.

Litinin, 17 ga Maris, da la'asar

Baƙaƙe kuma. Na ce wa Inusa ya matsa da gurar can ciki inda ya fi zurfi, ya sa hanjin kaza. Ya ce in ina so in koya masa aikinsa sai in fara zuwa in karɓi nawa wurin Ɗanmalam. Wannan ba wasa ba ne, ya kuwa san ba wasa ba ne. Daga baya ya aiko mini da goro.

Ina salla a gefen tafkin, ina ganin rigata a kan itacen Doguwa. Ban san ko sallar tana karɓuwa ba. Ban san wa nake roƙo ba in na ce a ba ni. Tsuntsaye sun ɓata mata kafaɗa.

Sama'ila kuwa kamar an kawo shi biki. Ya taya su gyaran rumbu, ya shiga kokawa da samarin garin ya kayar da biyu. 'Yan mata na ta zuwa aron abin da ba su buƙata a gidan Inusa. Tun da muka zo ko sau ɗaya bai yi tari ba. Ban san ko murna zan yi ba.

Talata, da hantsi

Babu. Litinin ce bizit.

Laraba, 19 ga Maris, bayan azahar

Ta shiga.

Tsawonta bai wuce daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ba. Ba fara ba ce kamar takarda, fara ce kamar nonon da aka ɗiga wa jini kaɗan. Gashin bakinta ma fari. Idanun jajaye, ƙanana, ba ta son rana. Na tsaya ina kallo har Ma'u ta rufe gurar da zane ta ce ya isa.

Ashe akwai su. Uwata ba ta yi ƙarya ba.

Laraba dai, da almuru

Ma'u ta ce ita za ta ɗaure kifin a tulu, gobe da asuba, kafin mu tashi. Ta kawo tulu mai faɗin baki da fatar akuya ta jiƙa. Na ce mata Bature ya ce rabin ruwa, kuma baki a buɗe.

Ta ce, "Rabi? Ka ɗauke ta daga gidanta, kuma ka rage mata ruwa? Baturenka na da tafki ne?"

Na ce ya yi karatun abin.

Ta ce, "Kai ma ka yi karatu."

Sai ta ja ni bayan rumbu, inda Sama'ila ba ya ji. Zan rubuta yadda ta faɗa, don in na karanta in ga wautar abin da idona.

Ta ce, "Kada rana ta gan ta, kada ido ya gan ta, sai ta shiga inuwar sabon gida. In ka kwance bakin tulun nan a hanya, Doguwa za ta ga inda aka nufa da saniyarta, ta biyo sawu. Wannan karon ba riga za ta ɗauka ba."

Ba ta faɗi suna ba. Ta dubi inda yaron yake zaune yana gyara mangalar jaki.

Na karanta. Wauta ce. Na yi lakwal, na san abin da ke kawo zazzaɓi da abin da ke kawo ƙyanda. Lantana ta daɗe tana cewa huɗun nan da muka binne, don gidanmu ya daina kai kaza bakin tafkin ne. Na sha yi mata dariya. Wauta ce.

Kuma ai tarwaɗa ce. Ruwa ya yi mata yawa, ta yaya?

Alhamis, 20 ga Maris, da hantsi, a hanya

Ta cika tulun har baki da ruwan tafkin, ta sa ta, ta ɗaure fatar da tsirkiya, ta lulluɓe da farin ƙyallen. Inusa ya rako mu har bayan gari. Ya ce, "In Bature ya mai da kai biro, ka tuna da talaka." Sannan ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Da rana ta ɗaga fatar ta bushe ta ɗame kamar ganga. Sai muka fara jin taɓi daga ciki, tif, a jima, tif, kamar mai gwada ganga da yatsa. Sama'ila ya kara kunne ya yi dariya.

"Baba, kiɗa take yi mana."

Na ce alamar lafiya ce.

Alhamis, da azahar, Tibiri

An ce motar wani mai sayen gyaɗa za ta wuce Dogon Dutsi yau ko gobe. Na bar jakin wurin wani tsohon sani, muka zauna a inuwar zauren da ake jiran mota.

Taɓin ya ƙaru. Ba tif a jima tif ba ne yanzu, a jere yake zuwa, har ƙyallen na motsi. Sama'ila ya daina dariya.

"Baba, wannan ba kiɗa ba ne. Fita take so."

Na ce baƙunta ce, za ta saba.

"Mu sassauta mata kaɗan mana. Kai da bakinka ka ce Bature ya ce a buɗe."

Na ce na fi Bature sanin tarwaɗa.

Na juya ina neman goro a aljihu, da na waiwayo yatsunsa na kan tsirkiyar, ya fara jan ƙullin. Na buge hannun. Da ƙarfi, har mutanen zauren suka juyo. Tun da ya yi wayo ban taɓa dukansa ba. Ya dube ni, ya dubi hannunsa, ya tashi ya koma bakin ƙofa ya zauna yana kallon hanya.

Ban gaya masa dalili ba. Me zan ce? In ce ubanka da ya yi lakwal a Yamai yana tsoron abin da tsohuwa ta faɗa a bayan rumbu?

In na buɗe, ga maganar Ma'u. In ban buɗe ba, ga maganar Mai Lofe. Duka biyun a kan Sama'ila suke sauka. Ina juya su tun ɗazu, kowacce na ɗauka sai ɗayar ta fi nauyi.

Alhamis, da la'asar

Ta yi shiru. Ta gaji ne, ta kwanta.

Juma'a, 21 ga Maris, da safe

Mota ba ta zo ba. Na kara kunne. Tarwaɗa dama da rana kwanciya take a ƙasan ruwa, kowa ya san haka.

Na ari basilla wurin wani baduku. Na ce huda ba buɗewa ba ce, rami kamar ƙwayar gero rana ba ta shiga, ido ba ya gani. Na ɗora tsinin a kan fatar. Sama'ila na barci a gefe, ya sa hannu ƙarƙashin kumatu kamar yadda yake yi tun yana goye. Na mayar wa baduku basillarsa. Ya ce har na gama? Na ce na gama.

Juma'a, bayan masallaci

Ban ji abin da liman ya faɗa ba. Sama'ila ya sayo mana fura. Yana yi mini magana kamar ba abin da ya faru, amma bai ƙara kallon tulun ba.

Ƙudaje sun yi yawa a garin nan.

Asabar, 22 ga Maris, da la'asar, Dogon Dutsi

Motar ta zo da hantsi. Na hau na rungume tulun a kan buhuna. Ba mu yi nisa ba wata mata ta ja mayafi ta rufe hanci. Karen mota ya ce, "Tsoho, mi ke cikin wanga tulu?"

Na ce magani ne.

Ya ce, "To, Allah shi ba mai shan shi haƙuri. Koma can baya."

Suka mayar da ni ƙarshen mota inda ƙura take. Mutanen yanzu hancinsu ya yi tsawo. Sama'ila ya taso daga wurinsa mai kyau ya zo ya zauna kusa da ni, ya riƙe gefe ɗaya na tulun don kada ya bugu.

Fatar ta kumbura, ta yi tudu. Zafin rana ne, ina jin. Ruwan tafki dama yana da wari in ya kwana.

Mai Lofe ya fita rangadi, sai gobe. Na ajiye tulun a ɗakin kaji. Lantana ta leƙa, ta fito, ba ta tambaye ni ba.

Lahadi, 23 ga Maris, da azahar

Na je da tsohuwar rigata ta kullum. Ya fito da murnarsa har tsakar gida, yana cewa in ajiye a nan, in ajiye a nan. Na ce a'a, sai a inuwa. Na wuce shi na hau baranda, na tabbata inuwar ta rufe tulun duka, sannan na yanke tsirkiyar.

Ba zan rubuta warin ba.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi jin sauƙi. Ya sa hankici a hanci, ya aika aka kawo masa wani ƙarfe mai baki biyu, ya ɗago ta. Farin ya tafi, ta koma kalar toka. Ya daɗe yana kallonta, kamar zai yi kuka. A kan kifi.

Ya ce, "Ka cika, kuma ka rufe."

Na ce a cikin ruwanta take, ruwan gidansu, ko ɗigo bai zube ba.

Ya ce, "Irin wannan ba ruwa kaɗai ke riƙe ta ba. In ruwa ya yi zafi takan taso sama ta yi numfashi kamar ni da kai, ta koma. Ba ka bar mata inda za ta ɗaga kai ba. Ka nutsar da ita, Issa."

Na ce kifi ne fa. Ya ce i, kifi ne.

To, taɓin nan da muke ji a jikin fatar. Na ce alamar lafiya ce.

Na tsaya ina jira ko zai ambaci gobe. Ya ce wa kukunsa ya binne ta nesa da gida, ya wanke barandar. Ya shiga ciki. Kujerar na nan inda take, bai nuna mini ita ba.

Lahadi, da almuru

Bayan mun ci abinci Sama'ila ya ce, "Baba, mi Inna Ma'u ta hwaɗa maka bayan rumbu?"

Ashe ya gani. Na faɗa, a gaban uwarsa, yadda ta faɗa. Na zaci Lantana za ta ɗora hannu a ka. Sai ta ce, "Kuma ba ka buɗe ba? Ko kaɗan?"

Na ce ko hudar basilla.

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta share ido da gefen zane. "To, duk inda za su kai shi, ba abin da ke bin sawunsa. Ka yi daidai, Malam."

Shekara talatin ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba sai yau.

Sama'ila ya yi murmushi yana murza bayan hannunsa. Ya ce, "Da ka hwaɗa mini tun a Tibiri, ai da ban sha duka ba."

Na ce da na faɗa maka da ka buɗe?

Ya ɗan yi tunani. Ya ce, "Da na buɗe."

Ban san wanne ne ya fi ba. Na zauna na auna, na sake aunawa. Ko na tsare shi ne, ko na miƙa shi ne, ban sani ba. Ma'u ta san tafkinta, Mai Lofe ya san littafinsa, ni da na tsaya tsakaninsu, wanda aikina ke nan tun ina saurayi, ban iya kai maganar ɗaya wurin ɗaya ba.

Litinin, 24 ga Maris, bayan azahar

An jera su a filin bayan biro, ba riga. Ɗanmalam ke kiran suna. Da ya zo kan namu bai ɗago kai ba.

Na tsaya a bakin shinge inda Mai Lofe zai gan ni. Ya ɗora abin sauraronsa a ƙirjin Sama'ila, ya ɗora a baya. Ya ce ya yi tari. Yaron ya yi, wani ɗan tari mai tsabta, irin na mai lafiya. Ko ƙaryar tari bai iya ba, ban koya masa ba.

Mai Lofe ya ce wa magatakarda ya rubuta. Na ji kalmar tun kafin Ɗanmalam ya juya ta da Hausa: lafiyarsa lau.

Talata, 25 ga Maris, da hantsi

Lantana ta ɗaura masa laya a damtse, ta ba shi ƙullin ƙuli-ƙuli. Ya ce in tuna in aika a karɓo jakin mutane a Tibiri, kuma in nemi wanda zai taya ni sharar gona kafin ruwa ya sauka. Na ce to.

Motar soja ta tafi da Sama'ila.